Tabon Zuwaira da Hanyar Kano

Tun da muka dawo daga Kano ban soya kifi cikin kwanciyar hankali ba. Mace za ta zo bakin tabki kamar ciniki ne ya kawo ta, ta ɗaga kifi ɗaya ta ajiye, sai ta rage murya: "Habsu, wai da gaske cire shi suka yi?" Wata ta ce yaya hanya, wata ta ce yaya mutanen Kano. Jiya har mai ya ƙone mini ina ba da amsa. To ga labarin sau ɗaya, daga fari har ƙarshe. Zuwaira ta yarda in faɗa. Ta ce gara a ji daga bakina da a ji a bakin rijiya.

Zuwaira ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na goye ta. Mijinta Lawali mai lambu ne, albasa da tumatir yake yi a gefen tabki. Mutum ne mai shiru, sai ka gaishe shi sau biyu kafin ka ji muryarsa. Ni kuwa ban taɓa yarda da namiji mai shiru ba. Mijina na fari haka yake, har liman yana yabonsa, amma shekara shida na yi a gidansa ina rufe jiki da zane ina cewa ƙofa ce ta buge ni.

Bayan ta yaye autarta, wata rana Zuwaira ta kira ni ɗaki ta buɗe riga. A kan nononta na hagu na ga tabo kamar faɗin tafin hannu, launin ɗinya, ga kumburi a ƙarƙashi.

"Yana ciwo?"

"Ko kaɗan."

"Wa ya yi miki?"

"Ba kowa, Yaya. Haka na gan shi."

Na san wannan amsar. Ni ma na sha ba da ita.

A Maradi aka yi mata eko, hoton nan na cikin jiki, aka soka allura aka zuƙo, ba abin da ya fito sai jini zalla. Lokotoron, wato mai duba marasa lafiya, ya ce jini ne ya taru, ya tambaya ko ta faɗi ko wani abu ya buge ta. Na dubi Lawali. Lawali ya dubi takalminsa. Aka ba ta magani muka koma gida. Wata guda bai cika ba kumburin ya ninka, fatar tana ƙyalli. Da muka koma, lokotoron ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce wannan ya wuce abin da zai yi hukunci a kai, sai an yanki tsoka an bincika, ko Yamai ko Kano. Ya rubuta mana takarda.

Lawali ya ce Kano ta fi kusa. Gaskiya ne, amma ni abin da na ji shi ne yana son kai ta inda ba ta da dangi. Na ce ƙafata ƙafarta. Bai yi musu ba, ya ce, "To, Yaya." Wannan ma ya ƙara mini zato.

Da hantsi muka isa Ɗan Issa. Na yi guzurin busasshen kifi cikin buhu, da garin fura, da zogale, don an ce mini a Kano har ruwan alwala saye ake. A ɓangarenmu ba a tsai da mu sosai ba, an duba katin ɗan ƙasa aka ce Allah ya ba da lafiya. Da muka ƙetara ne aka fara. Wani ma'aikaci ya leƙo ta tagar mota ya ce ina za mu.

Na ce, "Likita za mu."

"Wane likita? Yaya sunansa?"

"Sunan wa?"

"Likitan da za ku wajensa."

"Ba wajensa za mu ba, cikinta za mu."

Mota duka ta fashe da dariya. Direba ya ce, "Yallaɓai, ƴan Nijar ne, asibiti take nufi." Ashe abin da muke kira likita su asibiti suke cewa, likita kuma a wurinsu shi ne mutumin. Ma'aikacin ya karɓi takardar lokotoro ya juya ta sama da ƙasa, Faransanci ne, bai karanta ba. Sai ƙamshi ya kai masa, ya sa aka sauke buhuna aka kwance. Na tsaya a kansa ina jiran in ga hannunsa ya shiga. Ya shinshina, ya ce, "Kai, wannan kifi!" ya ɗaure da kansa ya miƙo mini. Na sake kwancewa na duba. Bai ɗauki ko ɗaya ba. Na ce a raina wataƙila ya ga ido ya yi yawa ne.

Daga Jibiya zuwa Katsina shinge bayan shinge, ban san iyakarsu ba. Direba yana ta duban rana, ya ce wannan hanya ba a barin la'asar ta same ka a kanta. Mu huɗu aka matse a kujerar baya. Duk ramin da mota ta faɗa sai Zuwaira ta tare ƙirji da hannu. Lawali yana gaba, ya waiwayo ya ce, "Sannu." Ni na amsa masa da ido.

A tashar Katsina muka canza mota, nan muka haɗu da Hajiya Ladidi. Mace ce ƙatuwa, mai haƙorin Makka da murya kamar ta mai shela. Mota ba ta fita gari ba ta riga ta san sunayenmu da garinmu da abin da ya fito da mu. Zuwaira ce ta yi ta ba ta amsa, ina taka mata ƙafa tana janyewa.

"Wa za ku sauka wurinsa a Kano?"

Na yi sauri na ce, "Muna da mutane."

Zuwaira ta ce, "Ba mu da kowa, Hajiya."

"To kun samu. Gidana bayan asibitin yake, waina nake yi a ƙofa. Akwai ɗaki."

Ta fiddo dabino ta miƙo. Mun sha jin labarin mutanen da aka ba abu a mota suka farka ba kaya ba takalmi. Na karɓa na dunƙule a hannu, na ƙwace na Zuwaira ma. Hajiya ta gani, ta ɗauki ɗaya ta jefa a baki tana kallona tana tauna. Ban ci ba duk da haka. Mai sa magani ai ya san wanda bai sa wa ba.

Kano kuwa, duk abin da aka faɗa muku ragewa aka yi. Mutane kamar an fasa rumbun tururuwa, kuma kowa sauri yake. Mu nan in ka gai da mutum sai ka tambayi gida da gajiya da ruwa da dabbobi. Can kana cikin "ina kwana" mutum ya kai ƙarshen lungu. Da yake ba mu da zaɓi, muka bi Hajiya cikin ɗan keken nan mai ƙafa uku da suke kira adaidaita. Ta ba mu ɗaki mai tabarma biyu da katifa, Lawali kuma aka ba shi wuri a zaure. Kafin in ajiye kaya na duba sakata, na duba taga, na ɗaga katifar.

Abincinsu sai a hankali. Shinkafa da safe, shinkafa da rana. Miya ja wur da manja, ba a jin daddawa. Fura kuwa a inji suke dama ta, ta yi laushi kamar kunun jarirai, ba gari ba gaya, mutum ya sha ya tashi kamar bai sha ba. Wainar Hajiya dai ba ni da abin cewa, ko da yake kwana uku na yi ina jiran in ga ta ci kafin mu ci. Matan gidan suna kirana Anti, suna sa ni in maimaita magana don su yi dariya. In na ce "mi kika ce" sai su kwashe. Na ce su yi ta yi, aƙalla mu ba ma cusa Turanci a tsakiyar salati.

Washegari muka shiga asibitin. Gari ne guda. A bakin ƙofa wani mutum mai jaka ya tare mu, ya ce kada mu yarda a taɓa ta da wuƙa, yana da garin da ke narkar da kowane irin kumburi cikin kwana bakwai. Abin mamaki, duk Kano shi ne mutum na farko da maganarsa ta kwanta mini, don shi kaɗai ya faɗi abin da nake so in ji. Hajiya ta daka masa tsawa ta ja mu ciki. Aka yanki kati, aka bi layi, aka ce ba nan ba ne, aka bi wani. Sai bayan azahar aka kira Zuwaira.

Likitar mace ce, siririya, da tabarau, ba ta kai Zuwaira shekaru ba a ganina. Na ce a raina sun ga baƙi sun haɗa mu da ƴar koyo. Ta sa aka nemo wanda ya karanta mata takardar Maradi, sannan ta ce Lawali ya jira a waje. Ta rufe ƙofa ta zauna kusa da Zuwaira.

"Abin da za ki faɗa ba zai fita ɗakin nan ba. Akwai wanda ya taɓa dukanki a nan?"

"Babu."

Na ce, "Zuwaira, ki ji tsoron Allah. Ga wadda za ta taimake ki. Faɗi gaskiya."

Zuwaira ta juyo ta dube ni, irin kallon da ba ta taɓa yi mini ba. "Yaya, sau nawa zan faɗa?"

Likitar ta duba ta a hankali, ta tattaɓa hammata, ta auna tabon da abin awo. Ta tambayi tun yaushe. Muka ce wata huɗu. Ta ce da ni, "Baba, jinin duka yana canza launi, ya dushe, cikin sati biyu ko uku ya tafi. Ba ya girma. Wannan girma yake."

Ni dai ban sauka ba. Na ce a raina wanda ya yi sau ɗaya ai zai iya maimaitawa a wuri guda.

Aka shiga gwaje-gwaje. Akwai injin da ke matse nono tsakanin faranti biyu ya ɗauki hoto, aka ce bai nuna abin kirki ba. Akwai wani kamar bututun rijiya a kwance, aka ce ta cire ƴan kunne da duk wani ƙarfe, har layar da Inna ta ɗaura mata sai da aka kwance, don ba a san abin da aka ɗinke a ciki ba. Na riƙe layar ina jin injin yana ƙara kamar na niƙa. Daga nan aka yanki ƴar tsoka. Likitar ta ce allura ba ta isa ba, irin wannan in an soka jini kawai yake bayarwa, shi ya sa aka kasa gane shi a Maradi, ba don ba su iya ba. Wurin da aka yanka ya daɗe yana zubar jini kafin ya tsaya. Aka ce mu dawo bayan sati biyu.

Sati biyun nan su ne mafi tsawo. Zuwaira tana taya Hajiya zuba ƙullu a tanda, ni ina zaune ina lura da kowa. Na lura Hajiya ba ta taɓa tambayar komai a hannunmu ba, na ce tana tara wa ranar tafiya ne. Na lura Lawali yana fita kullum da hantsi ya dawo azahar, bai ce ga inda ya je ba. Na gaya wa Hajiya. Ta ce, "Ke dai Habsu, zato zunubi." Na ce ko da ya zama gaskiya, na sani, amma gara in yi zunubi da in yi sakaci.

Ranar sakamako likitar ta ce mu shigo mu uku. Ta ɗauki takarda ta zana nono, ta zana ƴan layuka a ciki kamar saiwar gero.

"Waɗannan jijiyoyin jini ne. Yawancin sankarar mama daga hanyoyin ruwan nono take farawa. Taki ba daga nan ta fara ba, daga bangon jijiyoyin jinin ta tsiro. Shi ya sa ta yi kama da jinin da ya kwanta." Ta faɗi sunan da Turanci, anjiyosakoma, na sa ta maimaita har na riƙe. Ta ce ba a cika samunta ba, ita kanta sau ɗaya ta taɓa gani da idonta.

Lawali ya ce, "Mi ke kawo ta?"

"Akan same ta ga matan da aka taɓa gasa wa ƙirji da na'ura saboda wata sankarar, bayan shekaru. Ga mace irin matarka, da ba a taɓa yi wa komai ba, ba mu san dalili ba. Amma ba duka ba ne, ba shayarwa ba ce, ba kuma abin da wani ya yi mata ba ne."

Ta ce sai an cire nonon duka, don ciwon yana yaɗuwa a ƙarƙashin fata fiye da inda ido ke gani, in an bar ko kaɗan zai dawo. Hammata ba za a taɓa ba, shi ba ta nan ya fi bi ba, ta jini yake tafiya, don haka za a fara duba huhu da hanta.

Ni abu ɗaya kunnena ya riƙe. Na ce, "Sau ɗaya kika taɓa gani. Ashe koyo za ku yi a kanta."

Na zaci za ta yi fushi. Ta cire tabarau ta ce, "Da na ce miki na saba da shi, da na yi ƙarya. Cire nono kuwa muna yi kowane sati, kuma ba ni kaɗai ba ce, babbanmu ne zai yi, ni ina gefensa. Mun zauna mu da yawa a kan hotunanta kafin in kira ku. In kuna so ku kai sakamakon wani wuri a sake dubawa, zan ba ku. Abin da nake roƙo kada ku daɗe."

Da muka koma gidan Hajiya na ce mu tattara. Na ce akwai mai magani a wajen Safo da aka ce ya warkar da wata, akwai mai garin nan na bakin ƙofar asibiti ma. Zuwaira ta tashi ta shiga ɗaki. Na bi Lawali zaure, abin da na daɗe ina haɗiya ya fito.

"Kai ka zaɓi Kano. Kullum kana fita ba a san inda kake zuwa ba. Yanzu za ka sa hannu a yanke ta, ka huta."

Ya ɗago ya dube ni. Sannan ya ce, "Yaya, tun Maradi na san abin da kike zato. Inna ma ta daina amsa gaisuwata da kyau. Ban ce komai ba don in na rantse za ku ce rantsuwar mai laifi ce." Ya share fuska da hannun riga. "Wallahi da ma ni ɗin ne. Da duka ne, da yanzu ya baje."

Na rasa inda zan sa idona.

Ya ce fitar da yake yi, wurin wani dattijo yake zuwa, mutumin Gumel, da ke jinyar matarsa a ɗakin waɗanda aka yi wa irin wannan aiki. Yana zama da shi a ƙarƙashin bishiya yana tambayarsa yadda ake wanke wurin, yadda ake ɗaga hannu, abin da mace ke so a ce mata da abin da ba ta so. Ya ce tun ranar da aka yanki tsokar ya ga fuskar likita, ya san ba labari mai daɗi ba ne.

Na girme shi da shekara goma, ban taɓa ba namiji haƙuri ba tun da na bar gidan mijina na fari. Na ce, "Lawali, ka yafe mini." Ya ce, "Ba komai, Yaya. Don kina sonta ne." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Zuwaira ta fito daga ɗaki idonta a bushe. Ta ce, "Na ji ku duka. Ba inda za ni. Ƴaƴana uku sun riga sun sha, ya yi aikinsa. A cire."

Hoton huhu da na hanta suka fito lafiya. Aka kawo takardar yarda. Na zaci Lawali za a miƙa wa, sai aka miƙa wa Zuwaira, likitar ta karanta mata da Hausa layi-layi, ta dangwala yatsa. Aka ce a tanadi jini don irin wannan ciwo yana zubarwa. Na Lawali bai dace da nata ba, nawa ya dace. Aka kwantar da ni aka ɗiba leda guda. Da ma'aikacin ya ɗauka zai fita na riƙe rigarsa na ce sai ya rubuta sunanta a kai ina gani, don an ce ana sayarwa. Ya rubuta, ya nuna mini. Ban iya karanta rubutunsu ba, na kira Lawali ya duba. Ma'aikacin ya ce, "Baba, ke da ma ƴar sanda aka ɗauke ki."

Da safe aka shiga da ita. Muka zauna a benci, ni da Lawali da Hajiya, wadda ta rufe tandarta ranar. Kowa na jan carbi. Azahar ta gota likitar ta fito da hular aiki a kanta ta ce an gama, ta farfaɗo. Na tambaya ko an sa mata jinina. Ta ce an sa. Na ce to.

Ranar da aka fara buɗe bandeji Zuwaira ta kau da kai, ni ma na kau. Lawali ne ya tsaya ya duba, ya tambayi ma'aikaciyar yadda ake zubar da ruwan da ke taruwa a robar da aka maƙala mata. Matan ɗakin suka yi ta mamaki, wata ta ce ita nata mijin tun ranar da aka faɗi sunan ciwon ba ta sake ganin ƙeyarsa ba. Ɗinkin dogon layi ne daga tsakiyar ƙirji zuwa gefe. Sai a rana ta huɗu Zuwaira ta duba. Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ashe haka nake tun ina ƴar shekara goma." Muka yi dariya har ta riƙe wurin, daga nan dariyar ta juye kuka, muka yi shi tare.

An sake bincika abin da aka cire, aka ce gefe-gefensa duka tsabta ne, ba a bar komai a baya ba. Na ce alhamdulillahi, mun gama. Likitar ta ce in zauna. Ta ce ba za ta ɓoye mana ba, wannan ciwo yana da halin dawowa, ko a wurin ko a huhu. Za a yi mata ƙarin ruwan magani sau shida, gashi zai zube, abinci zai fita ranta, amma zai wuce. Bayan nan kowane wata uku ta zo a duba ta a ɗauki hoto. In ta ga wani tabo ko ƙanƙane, ko tari ya ƙi tafiya, kada ta jira ranar. A nan ne na yarda da yarinyar nan. Mai son cutarka ba ya gaya maka abin da zai hana ka barci.

Aka yi mata na farko, ta yi kwana uku tana amai, Hajiya tana dama mata kunun tsamiya. Da ta ji ƙarfi aka ce za mu iya tafiya gida, ta riƙa zuwa daga can. Kwana hamsin da wani abu muka yi.

Ranar tafiya na shirya wa Hajiya. Na ce yau asiri zai tonu, yau za a faɗi abin da ake so. Na tsaya a gabanta na ce ta faɗi abin da ke tsakaninmu. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "In za ku dawo ki cika mini buhu da kifin nan naku. Kuma ki zo da bakinki, kin fi rediyo." Har muka hau adaidaita ina jiran sauran maganar. Ba ta zo ba. Har yau ban san dalilin matar nan ba, wataƙila ba ta da wani dalili.

A hanyar dawowa Lawali ya sa aka ba Zuwaira kujerar gaba ita kaɗai, shi ya dawo baya kusa da ni. Muka wuce Katsina, muka wuce Jibiya, muka ƙetara. Da na ji ana kiran kuɗi da dala a Ɗan Issa sai da na sauke ajiyar zuciya. A nan muka tsaya jiran motar Madarumfa, na samo mata fura ta gaske, mai gaya. Ta sha kaɗan. An yi ruwan fari kwana biyu kafin nan, mutane duk sun fita gona, ana ta shuka a bakin hanya.

Abin yana cina, na kasa riƙewa. Na ce, "Wannan wace irin rayuwa ce? Wata uku a je a tambaya, a ba ka wata uku, ka koma ka sake tambaya. Kamar mai zaman aro."

Zuwaira ta ajiye ludayi. Ta gyara mayafi a kan kafaɗar hagu, inda riga ta faɗa ciki, tana kallon masu shuka.

"Yaya, wata uku ai damina guda ce. A cikinta ake shuka, a cikinta hatsi ke nuna." Ta miƙo mini hannu. "Tashe ni, ga mota can. Ina son in isa kafin yara su ci abinci."